Ceton da Kanawa Suka Yi Mini a Guangzhou

Mutumin da ya ce zai tarbe ni a filin jirgin Guangzhou bai zo ba. Sunansa Sabo, ɗan unguwarmu ne a Kano. Da can cajar waya yake sayarwa, amma tun da ya leƙo China ya koma kiran kansa ejan ɗin 'yan wasa. Shi ne ya dame ni da waya, wai wani kulob na zari-ruga yana nemana ruwa a jallo, gida kyauta, albashi duk wata, har da mai yi wa mutum tausa. Na tsaya a bakin ƙofar fita da jakata, ina kallon direbobi suna ɗaga kwalaye masu sunayen baƙi, babu nawa a ciki. Da ƙyar na same shi a waya. Ya ce in yi haƙuri, kwantenarsa ce ta maƙale, in hau tasi in ce a kai ni Xiaobei. Ejan ɗin 'yan wasa kuma da kwantena. Na ji abin wani iri, amma ina son in yarda, don haka na yarda.

Gara in faɗi abin da ya kai ni, don na san mutanenmu, kana cewa ƙwallo sai su hango raga da gola. Zari-ruga ƙwallo ce mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga, wanda ya riƙe ta kuma halas ne a kayar da shi. Ni lamba uku nake sawa. Idan alƙali ya ce a yi sikiram, mu takwas za mu sunkuya mu sarƙe da juna, su ma takwas su sunkuya, a haɗa kafaɗu a yi ta turi har ƙwallo ta fito ta baya. Ni ne a sahun gaba, nauyin kowa a wuyana yake sauka. Tun ina sakandare na fara. Na buga wa kulob ɗinmu na Kano shekaru, na ɗan taɓa Legas, sannan aka kira ni tawagar ƙasa. Na sa koriyar riga a Accra, na sa ta a Kampala, na tsaya ana taken ƙasa ina hawaye a filin da 'yan kallonsa ba su kai na ɗaurin aure ba. Da muka dawo, a tashar mota wani ya tambaye ni ko ni ɗan dambe ne.

Sai shekaru suka fara ja. Mai horar da tawagar ƙasa ya kira ni gefe ya faɗa mini gaskiya: yara suna tasowa, duk wanda ba ya buga wasa mai ƙarfi kowane mako ba zai ƙara ganin kira ba. Kulob ɗinmu kuwa sai a yi wata da watanni ba a buga ba. Abin da ya rage mini shi ne in sami kulob a waje wanda zai biya ni in riƙa bugawa, ko in rataye takalmi in koma gadin banki irin na tsofaffin abokan wasana. Ban iya wata sana'a ba, kuma ban so wata ba. A wannan hali Sabo ya same ni.

Xiaobei unguwa ce da in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse kana Kantin Kwari. Hausa ta ko'ina, ta Kano, ta Damagaram, ta Kumasi. Ɗakin Sabo yana can saman wani bene mai duhu, kwalayen waya sun cinye rabinsa. Ya rungume ni, ya mammatsa damtsena yana Masha Allah kamar mai taya rago. Maganar kulob kuwa kullum da kalarta. Yau shugaban ya yi tafiya, gobe ana gyaran fili, jibi ai hutun 'yan China ne. Da na matsa masa sai ya kai ni ƙofar wata jami'a, ya nuna mini wani allon talla mai hoton samari riƙe da ƙwallon ƙwai. Allon nan shi ne kulob ɗin. Daga tagar bas ya hango shi, ya tuna yana da ɗan unguwa mai irin wannan wasan, sauran kuma ya ƙarasa da bakinsa.

Ko kunya bai ji ba. Ya ce ai alheri ya yi mini, mutum nawa ne ke neman hanyar shigowa China ba su samu ba, kuma akwai wani Alhaji da ke neman ƙaƙƙarfan mutum mai amana. Ashe tun kafin in taso ya riga ya yi wa Alhajin alkawarina. Na dube shi, ɗan siririn abu, wuyansa bai kai damtsena ba. Na san inda zan kama in ɗaga shi sama. Abin da ya hana ni, a ƙasar mutane nake, kuma Sabo bai kai a kwana a hannun 'yan sanda saboda shi ba. Ba a daɗe ba ya kwashe kwalayensa ya koma wani gari, ya canza lamba.

Haka na zama ɗan dakon Alhaji Garba, mai sayar da wandon jins a Kwari, wanda yake zuwa ya yi watanni yana haɗa kaya. Gajere ne mai tumbi, ba ya rabuwa da lema ko ana ruwa ko ba a yi, kuma babu abin da ke duniya da bai sani ba. Ya san maganin ciwon baya, ya san dalilin faɗuwar naira, ya san abin da gwamnatin China za ta yi baɗi. Abokin tafiyarsa shi ne Malam Isuhu, mutumin Damagaram, mai sayen takalma, dogo, mai shiru, ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci. Ranar farko Alhaji ya tambayi sana'ata, na faɗa masa har da tawagar ƙasa. Ya ce wace ƙasar? Na ce Najeriya. Ya ce shi dai bai taɓa ganina a talabijin ba. Daga ranar ya raɗa mini Ƙato, sunana na yanka, Nasiru, bai ƙara fitowa daga bakinsa ba.

Kusan kullum muna Xintang, garin jins. Titi bayan titi shaguna ne da ɗakunan ɗinki, kekuna na ruri, ko'ina shuɗi. Aikina in bi Alhaji a baya, in ya gama ciniki in saɓa dila in kai mota. Cinikin nasa abin kallo ne. Zai shiga ya ce "ni-hau lawban", wato sannu maigida, a ce masa "meyo", wato babu, ya yi fushi ya fita, a kira shi ya dawo, a ƙarshe ya ce "she-she", wato na gode, yana murmushi yana ja musu Allah ya isa da Hausa. Idan yana so a ji tsoronsa sai ya nuna ni da lema. Mutumin da ya wakilci ƙasa guda, ga shi ya zama abin razana teloli. Da yamma in dawo hannuwana sun rine, in yi ta wankewa shuɗin ya ƙi fita.

Ranar lodi kuma muna sito a Huangpu, kusa da tashar jiragen ruwa, ana cusa diloli a kwantena. A nan 'yan kasuwarmu suke taruwa, kowa ya zauna a kan kayansa, ni kuma in zama abin hira. Wani ya ce in nuna musu yadda ake gudu da ƙwan. Wani ya ce ai wasan mahaukata ne. Mutanen da in suka hau bene sai sun zauna sun huta, su ne ke yi mini bayanin wasanni. Na raina su, kuma ina jin sun sani, sai dai ba su damu ba, don a wajensu wanda ba shi da kwantena ra'ayinsa ba ya cikin lissafi. Amma in faɗi gaskiya, Alhaji bai taɓa cin abinci ya bar ni ba, kuma da zazzaɓi ya kayar da ni shi ya zauna yana ɗura mini magungunansa masu ɗaci.

Kewar gida ta fi kama ni ranar Asabar da la'asar, lokacin da a Kano muke fita fili. Akwai wani ɗan lambu bayan masaukinmu inda tsofaffin 'yan China ke motsa jiki. Can nake zuwa da safe in sa kafaɗa a jikin bishiya in yi ta turi, don kada wuyana ya mutu. Tsofaffin suka saba da ni, wata ma takan ajiye mini lemo.

Kunnuwana ne suka yi mini hanya. Duk wanda ya daɗe a sahun gaba na sikiram kunnensa yakan kumbura ya murɗe kamar ƙosan da ya ƙone. A wani ɗakin ɗinki a Xintang akwai wata lawban mace, Madam Lin, mai faɗa, wadda ko Alhaji yana shakkarta. Ina ɗaure dila sai na ji an kama kunnena. Ita ce. Ta jujjuya shi, ta ciro waya ta nuna mini hoton wani mutum mai irin kunnen nan sak, ya rungume ƙwallon ƙwai. Ƙaninta ne, malamin motsa jiki a wata jami'a. Ta zaunar da ni a kan kujerarta, ta zuba mini shayi, ta kira shi nan take. Alhaji yana tsaye yana tambayar me ake cewa, babu wanda ya kula shi. Tun da na zo ƙasar ban ji daɗi irin na ranar ba.

Ƙanin nata, Malam Lin nake ce masa, ya kai ni kulob ɗinsu. Kada ka ji kulob ka zaci wani abu. Taron malaman Turanci ne da ma'aikatan kamfanoni, Turawa masu tumbi da suka taɓa wasan a makaranta, suna haɗuwa su ɗan yi guje-guje don su sami hujjar shan giya. Kyaftin ɗinsu ma da taba a hannu yake ba da umarni. A sikiram ɗin farko na tura su suka zube, suka tashi suna tafa mini, abin ya ba ni haushi maimakon daɗi. Malam Lin da wasu 'yan China kaɗan ne kawai 'yan wasa na gaske. Turancinsa kaɗan ne, nawa ma ba yawa, amma in muka haɗa kafaɗa kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake nufi.

Shi ne ya ɗauki bidiyona ya tura wa wani koci a Hong Kong, inda ake biyan 'yan wasa. Masu lamba uku tsada gare su a ko'ina, don ba kowa ke yarda a ɗora masa wannan nauyin a wuya ba. Kocin ya amsa cewa ƙaramar tawagarsu za ta zo Guangzhou wasan sada zumunci da su Malam Lin, zai biyo su ya gan ni da idonsa. In na yi masa, zai ɗauke ni. Wasa ɗaya ke nan, kuma na san ba za a sake ba ni wani ba.

Ranar ta faɗo ranar lodi. Na roƙi Alhaji ya ɗaga mini. Da farko ya ce kwantena ba ta san wasa ba. Malam Isuhu ne ya sa baki, ya ce bon, bawan Allah nan bai taɓa roƙon komai ba. Sai Alhaji ya juya abin ya zama nasa. Ba hutu kawai ba, shi da kansa zai zo, zai kuma gayyato jama'a, don kada a ce ɗan Kano ya fita fili a China babu kowa a bayansa. Sai na ga gara in shirya su tun da wuri. A shagon taliyar Musulmin China da muke cin abinci na zauna na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce za su ga ana kayar da mutum, za su ga an taru a kansa, wataƙila su ga jini, duk cikin wasa ne, akwai alƙali, akwai doka.

"Kai Ƙato," in ji Alhaji, "tun ba a haife ka ba muke kallon ƙwallon Turai. Mu za ka koya wa ƙwallo?"

Na ce wannan daban ce, Alhaji. Ya ce ƙwallo dai ƙwallo ce, a miƙo masa yaji.

A filin jami'ar su Malam Lin aka yi. An yi ruwa da safe, zafi ya taso daga ƙasa, riga tana manne wa mutum tun bai fara gudu ba. Baƙin suka sauko daga bas, na dube su na ji sanyi a raina, don waɗannan 'yan wasa ne. Kocinsu wani dattijo ne baƙi, mutumin tsibiran Fiji, kunnuwansa sun fi nawa lalacewa. Ya ba ni hannu, ya dubi wuyana. Can gefen layi kuma ga jama'ata. Alhaji ya yi shiga irin ta Juma'a, farar shadda ƙal da hula, ya tattaro 'yan kasuwar sito da wasu ɗaliban Nijar. Malam Isuhu ya zo da kujerarsa ta naɗewa, har da fulas ɗin shayi.

A sikiram ɗin farko wanda ke gabana ya gwada ni, ya danno da dukkan ƙarfinsa. Na bar shi ya gama, na sauke ƙugu, na kafa ƙafa, na mayar masa. Na ji takalminsa yana zamewa a laka. A na biyu muka tura su baya har alƙali ya busa ya ba mu. Malam Lin ya daki bayana. Na saci kallon kocin, na ga ya daina hira da na kusa da shi, ya harɗe hannu yana kallona. Wallahi a lokacin na manta da Sabo, na manta da shuɗin jins, na ji ni mutum ne. Ina jiyo muryar Alhaji sama-sama yana yi wa alƙali faɗa da Hausa, wai yana gani ana jan riga bai busa ba. Ban kula ba.

Ana kusa da hutun rabin lokaci abin ya faru. An kayar da ɗaya daga cikin baƙin, na sunkuya a kansa zan ƙwace ƙwallo, aikina ke nan. Mutum biyu suka zo da gudu suka kwashe ni, su ma aikinsu ke nan. Na faɗi, aka taru a kaina, gwiwar wani ta sami girata ta fashe. Gira ba ta da wuyar fashewa, kuma jininta yawa gare shi. Ina kwance a ƙasan tsibin, hannuna a kan kai, ina jira ƙwallo ta fita a ɗaga ni, hankalina kwance. Sai na ji salati.

"Za su kashe shi! Jama'a, kuna kallo?"

Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango farar shadda ta tsallako layi. Alhaji Garba, mutumin da ban taɓa gani yana sauri ba, yana gudu da lema a sama, bayansa Kanawa da Damagarawa, wasu sun cire takalmi sun riƙe a hannu. Na buɗe baki in ce su koma, laka ta cika shi. Alhaji ya iso ya rafka wa lamba takwas ɗin baƙi lema a gadon baya. Lemar ta karye, mutumin ya waiwayo yana neman abin da ya taɓa shi. Wani mai sayar da labule ya ci kwalar alƙali yana neman ƙwace usur. Malam Isuhu ya kama ƙafata ya yi ta ja da iya ƙarfinsa, yana cewa in yi ta salati. Takalmina ne ya fito, ya faɗi zaune da shi a hannu.

'Yan wasa suka tsaya cirko-cirko. Babu wanda ya rama, don ba su ma gane faɗa ake yi da su ba. Na miƙe, jini ya rufe mini ido ɗaya, ina ta cewa wasa ne, wasa ne. Alhaji ya cire hularsa ya danna mini a gira, ya tsaya tsakanina da baƙin, kansa bai kai kafaɗar ko ɗayansu ba, yana haki, yana cewa sai dai su bi ta kansa. Masu gadin jami'a suka zo aka tashi wasan, aka kuma gaya wa Malam Lin kulob ɗinsu ya nemi wani filin daga yau. Ya sunkuyar da kai yana ba su haƙuri. Ban iya dubansa ba.

Na koma bayan bas na zauna a ƙasa. Ban taɓa tsanar mutane irin yadda na tsani mutanena a wannan lokacin ba. Ina nan sai ga kocin. Ya tsuguna da ƙyar, ya dube ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, har da hawaye. Ya ce ya yi wasa a ƙasashe da yawa, bai taɓa ganin lamba uku mai rundunar kansa ba. Ya ce abin da ya gani kafin zuwan lema ya ishe shi, in zo Hong Kong farkon wata a yi maganar kwantiragi, amma in bar sojojin a gida. Na kama hannunsa da hannu biyu. Da ya tafi na kifa kai a gwiwa na yi kukan daɗi.

Da yamma Alhaji ya yi walima a shagon taliya. An ɗinke mini gira, ina zaune ina kallonsu suna rabon jarumta. Mai labule ya ce shi ya kayar da biyu. Alhaji ya ce ya ga wuƙa a safar wani. Na ce musu babu wanda ya yi niyyar cutar da ni, wanda ya fasa mini girar ma ya zo ya ba ni hannu. Alhaji ya ce ai dole ya ba ka hannu, ya ga maza. Na bar su, na riga na sami abin da na zo nema, su yi ta shirmensu. Abin da ban sani ba, ɗaya daga cikin ɗaliban ya ɗauki abin a waya, daga faɗuwata zuwa tashina cikin jini, kuma Alhaji ya riga ya tura wa duk wanda ya sani a Kano, da bayaninsa a kai.

Washegari da azahar, lokacin gari ya waye a gida, Hajiya mahaifiyata ta kira. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta san ƙwallo nake yi, amma ƙwallon da ta sani ita ce wadda yara ke bugawa a ƙofar gida. Ba ta zuwa fili, ba a nuna mu a talabijin. Bidiyon Alhaji shi ne wasana na farko da ta taɓa gani.

"Nasiru, abin da kake yi ke nan?"

Na fara bayani. Na ce akwai doka, akwai alƙali, na ce an ɗauke ni aiki, na ce rigar ƙasa. Ta bar ni na gama.

"Jinin da na gani na wane ne?"

"Nawa ne, Hajiya."

"Waɗanda suka hau kanka, an kama su?"

"Ba laifi suka yi ba. Haka wasan yake."

Sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba: "To in haka yake, ka saurare ni. In ka sake shiga wannan abin, a China ko a ko'ina, ban yafe ba."

Wani zai ce a bari ta huce a lallashe ta. Na gwada. Na sa yayata ta yi mata magana, na sa kawuna, na tura mata wasannin manya don ta ga sana'a ce. Ta kalla ta ce ashe ma abin ya fi yadda ta zata. Tun da ta haife ni ba ta taɓa furta wannan kalma a kaina ba, kuma ba mace ce mai janye magana ba. Farkon wata ya zo. Na kira kocin na ce ba zan zo ba, mahaifiyata ta hana. Ya ce shi ma yana da uwa. Na gaya wa Malam Lin, ya gyaɗa kai kawai, ya karɓi takalman da na miƙa masa. Daga tawagar ƙasa kuwa ban ƙara jin kira ba, ban ma yi tsammani ba.

Da Hajiya ta tabbata na bari, sai ta tambaye ni ko na yi wa mutumin nan godiya. Na ce wane? Ta ce Alhajin da ya ceci ranka. Ta ce in je takanas, in durƙusa, in ce ita ta aiko ni.

Na same shi a sito, a zaune kan dila, 'yan kasuwa kewaye da shi, yana ba da labarin a karo na ban san nawa ba. Yanzu wuƙar ta zama adda. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa a kan siminti. Na ce Hajiya ce ta aiko ni, tana godiya, ni ma ina godiya, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya fi ƙona mini rai, idonsa ya ciko da ƙwalla. Da gaske yake. Ya dafa kaina.

"Haba Ƙato, ai kai namu ne. Ko gobe aka taɓa ka, wallahi sai mun shiga." Ya share ido da hannun riga, ya yi nuni da baki. "Tashi ka kama waccan dilar, mota na jira."

Na tashi na saɓa dilar.